Tiyata kafin tiyata: yadda likitocin gyaran fuska da jiki ke gwada aiki a kwamfuta, da inda gwajin ya tsaya

Da gaske ne likita zai iya yi wa mutum tiyata a cikin kwamfuta, ya ga yadda za ta kaya, tun bai taɓa shi da wuƙa ba? In kuwa haka ne, hoton da aka nuna wa mara lafiya a allo shi ne abin da zai gani a madubi ranar da aka kwance masa bandeji?

Abu biyu ne suka shigo da maganar cikin hirar jama'a. Na farko labarin tagwayen nan na Kano da aka haifa manne da juna, waɗanda aka kai Riyadh a ƙarshen 2023 amma ba a raba su ba sai farkon 2024. Watannin da ke tsakani sun tafi ne a gwaje-gwaje da tsara aiki, kuma mai bin labarin a rediyo bai ji an fayyace masa abin da ake tsarawa ba. Na biyu kuma bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Instagram, inda za ka ga likita a Legas ko Turkiyya ya ja yatsa a kan allo, hancin mace ya tsuke nan take, ko ƙugunta ya buɗe.

A majalisun Kaduna fahimta ta rabu gida biyu. Wasu sun ɗauka yanzu kwamfuta ce ke yin tiyatar, likita ɗan kallo ne. Wasu kuma sun ce duk talla ce ta masu neman kuɗin 'yan gayu. Kowane ɓangare ya kauce. A kan ƙashi, tsarin kwamfuta kan zo daidai da abin da aka yi a zahiri, bambancin bai cika wuce milimita ɗaya ko biyu ba. A kan nama da fata kuwa kirdado ne, komai kyan hoton.

Wace tiyata ake nufi?

Da an ambaci wannan fanni, hankalin mutane kan tafi ga ƙarin mazaunai da gyaran hanci. Wannan reshe guda ne, na kwalliya: a taɓa gaɓar da take lafiya lau don mai ita na son wata siffa. Babban reshen, wanda ya fi cin lokacin likitoci a asibitocin koyarwa irin na Shika da ke Zariya, shi ne na sake gini, wato maido da siffa da amfanin gaɓar da hatsari, gobara, harsashi ko ƙari ya lalata, ko wadda aka haifi mutum da ita da naƙasa. Jaririn da ya zo da tsagaggen leɓe da ganɗa, nono na fito masa ta hanci, nasu ne. Haka ɗan acaɓan da ya faɗi ba hular kwano ƙashin kuncinsa ya lotsa, da matar da risho ya fashe mata wuyanta ya warke a manne da ƙirji.

Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. A 1980 Farfesa E. O. Adekeye ya wallafa nazari biyu daga sashen tiyatar muƙamuƙi da fuska na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda a lokacin yake cikin garin Kaduna. Ɗaya a kan mutum 1,447 da suka samu karaya a ƙasusuwan fuska, ɗayan a kan mutum 109 masu wani ƙarin muƙamuƙi da ake kira amelobilastoma. Wannan fa tun kafin acaɓa da Keke Napep su cika tituna ke nan, tun kafin harbin 'yan bindiga ya zama abin da likitocin Arewa ke gani a kai a kai. Ga kuma cutar noma mai zaizaye baki da kuncin ƙananan yara masu fama da tamowa, wadda take da asibiti sukutum a Sakkwato tun 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a Disamba 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Tunda a nan tambayar halacci ba ta rasa tasowa: malamai kan kafa hujja da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar gyara naƙasa da maido da halitta yadda take, ta kuma hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta bisa son rai kawai. Saboda haka mai ɗauke da yaro mai tsagaggen leɓe ba shi da dalilin ɗari-ɗari.

Tsara aiki kafin yanka ya girmi kwamfuta

Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, littafin likitan nan na Indiya, Sushruta, ya bayyana yadda ake sake gina hancin da aka yanke: a ɗora ganye a kan wurin a auna girmansa, a kwantar da ganyen a kunci, a yanko fata daidai da shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Harold Gillies da abokan aikinsa a asibitin Sidcup na Ingila, wanda aka buɗe a 1917, sun riƙa kwafo fuskokin sojojin da harsashi ya ragargaza da filasta, su yi nazarin gyaran a kan kwafin kafin su taɓa mutum. Gillies ne ya yi ta nanata wa ɗalibansa cewa kada a shiga aiki sai da tsari, kuma a ajiye wani tsarin a gefe saboda ko na farko ya rushe. Likitocin haƙori ma sun daɗe suna yanka muƙamuƙin filasta a kan tebur don gwada yadda haƙoran sama da na ƙasa za su haɗu.

Abu biyu ne suka sauya lissafin. Na'urar hoton CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙira aka fara ɗaukar mara lafiya da ita a Landan a 1971, ta sa ana ganin ƙashi filla-filla ba tare da an buɗe fata ba. Sai firintar 3D, wadda Chuck Hull ya samu haƙƙin mallakar fasaharta a Amurka a 1986, ta sa abin da ke cikin allo ana iya fitar da shi a riƙe a hannu.

Yadda ake yi, daki-daki

Mu ɗauki misali. A ce ga saurayi ɗan shekara 27 daga Rigasa, shekara huɗu ke nan muƙamuƙinsa na ƙasa na kumbura a hankali ta gefen hagu, babu ciwo, haƙora sun fara girgiɗi. An sha jiƙe-jiƙe, an shafa na shafawa, a ƙarshe dai gwajin nama ya nuna amelobilastoma ce. Ba kansa (ciwon daji) ba ce, ba ta cika bazuwa cikin jiki ba, amma tana cinye ƙashi daga ciki, kuma in aka kankare ta kawai sau da yawa takan dawo. Maganinta a yanke ɓangaren ƙashin gaba ɗaya, a haɗa da kimanin santimita ɗaya na lafiyayyen ƙashi ta kowane gefe. A ce giɓin da zai rage ya kai santimita tara, ya haɗa da lanƙwasar haɓa.

In aka bar shi haka, sauran muƙamuƙin zai karkace, tauna ta gagara, miyau ya riƙa zuba, magana ta lalace. Dole a samo ƙashi daga wani wuri a jikinsa. A ƙwauri akwai ƙashi biyu: babban da ke ɗauke da nauyin mutum, da siriri a gefen waje wanda kaso kaɗan na nauyin ke kansa. Ana iya ɗebo har wajen santimita 25 na siririn, muddin an bar 'yan santimitoci a wajen gwiwa da idon sawu. Ian Taylor ne ya fara dasa shi tare da jijiyarsa ta jini a Ostareliya a 1975, David Hidalgo kuma ya fara gina muƙamuƙi da shi a Amurka a 1989. Ana ciro shi da jijiyoyinsa, a kai wuya, a ɗinke su da jijiyoyin wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da ya fi gashin kai sirantaka. Da jini ya sake zagayawa, ƙashin na nan da ransa.

Matsalar ita ce ƙashin ƙafa miƙaƙƙe ne, muƙamuƙi kuwa lanƙwasasshe. Sai an yanka shi gida biyu ko uku, an cire ƴan gutsattsari a tsakani, ba tare da an tsinke jijiyar da ke bin bayansa ba, sannan gutsuren su haɗu su ba da siffar haɓa. A tsohuwar hanya likita da idonsa yake wannan, a ɗakin tiyata, mara lafiya na kwance cikin maganin barci: ya yanka, ya gwada, ya goge, ya sake gwadawa. In kuskuren kusurwa ya shiga, haƙoran da suka rage ba za su ƙara haɗuwa daidai ba.

A sabuwar hanya, wannan gwaji da gogewa duk ana yin su ne kwanaki kafin ranar. Ana ɗaukar hoton CT na fuska mai yanka-yanka sirara, kaurin kowanne milimita ɗaya ko ƙasa da haka, da wani na ƙafafu wanda aka yi wa mara lafiya allurar da ke haska jijiyoyin jini. Manhaja ta tattara ɗaruruwan hotunan nan ta gina ƙoƙon kan mutumin a allo, ana juya shi ta kowace fuska. Likita ya zauna, shi kaɗai ko tare da injiniya, ya ja layi inda zai yanka. Tunda ƙarin ya riga ya ɓata siffar gefen hagu, sai a kwafo lafiyayyen gefen dama a juya shi, a samu siffar da ake son komawa gare ta. Sannan a jawo ƙashin ƙafar cikin allon, a yanyanka shi, a jera. Bai zauna ba? A goge a sake, sau goma ma in an so, ba ɗigon jini.

Da tsari ya kammala sai firinta ta fitar da abu biyu: kwafin sabon muƙamuƙin, wanda za a lanƙwasa siririn ƙarfen titaniyom mai huji-huji a jikinsa tun kafin ranar, da kuma ma'aunin yanka. Shi ma'aunin wani ɗan abu ne da aka ƙera don ƙashin mutum guda, ba ya zama daram sai a wuri ɗaya tak, kuma yana da tsaga inda bakin zarto zai bi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai walda a Panteka ya ga irin wannan dabara: in zai lanƙwasa rodi ɗari iri ɗaya ba ya auna kowanne, sai ya kafe guntayen ƙarfe a kan teburinsa, duk rodin da ya shiga tsakaninsu a wuri ɗaya zai lanƙwashe. Ma'auni ɗaya na muƙamuƙi ne, ɗaya na ƙafa, kuma kusurwoyinsu an lissafa su tare, don haka gutsuren na faɗawa cikin giɓin kamar dama can nasu ne.

Hoton ƙafar nan yana da wani amfani da ya fi siffa muhimmanci. Akwai tsirarun mutane da jijiyar da ke bin siririn ƙashin ita ce babbar mai kai jini tafin ƙafarsu. In aka cire ta ba a sani ba, ƙafar na iya mutuwa. Hoton kan tona wannan tun da wuri, sai a koma ɗaya ƙafar ko a nemi ƙashi a wani wuri.

Sai kuma zaman da ake yi da iyali. Uba ya ji an ce za a cire ƙashi daga ƙafar ɗansa, dole ya tambaya: "Likita, yaron nan zai ƙara taka ƙafarsa kuwa?" Maimakon dogon Turanci, likita ya miƙa masa kwafin a hannu: "Baba, duba nan. Wannan babban shi ke ɗauke da shi, ba za mu taɓa shi ba. Wannan ƙaramin za mu ɗauko, daga nan zuwa nan. In Allah ya yarda zai yi tafiyarsa." Wanda ya riƙe abu ya juya shi ya fi wanda aka karanta wa takarda sanin abin da yake sa hannu a kai. A ganina wannan kaɗai ba ƙaramar riba ba ce a wurin da yawancin masu jinya ba sa jin yaren da aka rubuta takardar amincewa da shi.

Sauran wuraren da tsarin ke da amfani

Kwarmin ido na cikinsu. Ƙashin da ke ƙarƙashin ido siriri ne ƙwarai, naushi ko faɗuwa daga babur kan fasa shi. In kwarmin ya ƙara faɗi da ɗan kaɗan, ido sai ya faɗa ciki, kuma faɗawar milimita biyu ta isa a lura da ita; wani ma ya riƙa ganin abu bibbiyu. Nan ma lafiyayyen gefe ake kwafowa a lanƙwasa ragar titaniyom a kansa. Haka ake yi wa giɓin ƙoƙon kai, da gyaran muƙamuƙin da ya yi gaba ko baya fiye da kima. A sake gina nonon da aka cire saboda kansa, hoton jijiyoyin ciki ne ke nuna wa likita wace ƙaramar jijiya zai bi. A raba tagwaye kuwa, ban da sanin gaɓoɓin da suke tarayya a kai, akwai lissafin fatar da za ta rufe kowannensu bayan an raba, kuma wannan aikin likitocin gyaran jiki ne.

Ribar da ta fi fitowa fili ita ce lokaci: ƙashin da aka ciro ba ya daɗewa ba jini, mara lafiya ba ya daɗewa cikin maganin barci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda kwamfuta ba ta da ta cewa

Ƙashi yana zama inda aka ajiye shi. Nama ba haka yake ba: yana kumbura, yana saki, yana tsukewa, kuma jikin kowa da yadda yake warkewa. A nan ne tallar kwalliya ke shigar da mutane. Manhajoji irin su Vectra da Crisalix suna ɗaukar hoton fuska ko ƙirji su nuna siffar da ake fata, kuma likitan kirki na amfani da su don shi da mara lafiya su fahimci juna, ya ce wannan zai yiwu, wannan ba zai yiwu ba. Amma hancin da aka tsuke a allo an tsuke shi ne ba tare da la'akari da kaurin fata ba. Fatar hancin yawancinmu tana da kauri, ba ta kwanciya a kan guringuntsi yadda siririyar fata ke yi, kuma kumburin hanci kan ɗauki shekara guda ko fiye kafin ya gama saɓewa. Kitsen da ake ɗura wa mace a mazaunai ma wani kaso nasa jiki ke shanyewa, ba wanda zai ce ga adadinsa tun kafin a yi. Mafi muni, in kitsen ya shiga babbar jijiya ya wuce huhu yana kisa, kuma babu hoton allo da ke nuna wannan.

Ga kuma tabon nan mai tashi ya yi tudu ya zarce inda aka yanka, irin wanda ake gani a kunnen wasu mata bayan huji, ko a ƙirji da haɓar maza. Ya fi yawa ga baƙar fata. Babu manhajar da za ta ce wane ne zai yi shi. Tarihin mutum da na danginsa ne kaɗai ke ba da haske, shi ma sai likita ya tambaya.

Wanda ya ƙone, kamar waɗanda suka tsira daga gobarar tankar mai ta Majiya a Jigawa a Oktoba 2024, ko ta mahaɗar Dikko a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja a Janairu 2025, tsarin aikinsa har gobe da alƙalami da abin awo ake yinsa a jikin fata. Likita ya zana siffar Z a kan tabon da ya ɗaure gwiwar hannu, ya yanka, ya musanya ɓangarorin biyu; in kusurwar digiri 60 ce, a lissafi tsawon wurin kan ƙaru da kashi 75 cikin ɗari. A zahiri yakan gaza haka, don fatar da ta ƙone ba ta miƙewa yadda lafiyayya ke yi. Yaron da noma ta ci wa fuska ma haka: hoton CT zai nuna inda muƙamuƙinsa ya manne da ƙashin kunci har baki ya kasa buɗuwa, amma yawan naman da za a buƙata bayan an saki tabon, sai an buɗe ake sani.

Abin da masu ja da baya ke cewa

Su ma likitoci ne, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko kuɗi: in kamfani irin Materialise na Beljiyom ne zai tsara ya ƙera ma'auni da ƙarfe na musamman, maganar dubban daloli ake yi kan mutum guda. Na biyu lokaci. Tsarawa, ƙerawa da aikowa kan ci makonni, kansar baki kuwa ba ta tsayawa jira. Likita na iya buɗewa ya tarar ciwon ya wuce layin da aka ja a allo. In ya biye wa ma'aunin ya bar ciwo a jiki, in ya ƙara yanka ma'aunin ya tashi daga aiki. Daga nan ne hujja ta uku ke fitowa: matashin likitan da ya saba da ma'auni bai taɓa lanƙwasa ƙashi da ido ba, ranar da tsari ya rushe me zai yi?

Hoton ma yana da nasa cikas. Guntun harsashi ko ƙarfen haƙori kan watsa haske ya dusashe ƙashin da ke kusa, mara lafiya ya motsa hoto ya gurɓata, kuma manhaja duk abin da aka ba ta a kansa za ta yi gini. Sannan CT haske ne mai ratsa jiki. Na kai guda ɗaya ya yi kusa da abin da mutum ke sha daga muhalli a shekara guda, wanda ba abin tsoro ba ne ga babba in da buƙata, amma ba a maimaita wa yaro shi don kawai a samu kyakkyawan kwafi. Jariri mai tsagaggen leɓe ba ya buƙatarsa sam. Alamomin da likita ke ɗigawa da tawada a leɓen sun wadatar.

Ni dai ban ga saɓani na gaske tsakanin ɓangarorin ba. Inda giɓi ƙarami ne kuma miƙaƙƙe, ƙwararren hannu ya isa. Inda yanka ya kai biyu ko uku, ko tsohuwar siffa ta ɓace gaba ɗaya, ƙin yin tsari alhali ana da halin yi taurin kai ne.

Me zai yiwu a Kaduna?

Akwai hanya mai rahusa, kuma ita ce ta dace da mu. Manhajar 3D Slicer, wadda masu bincike a Boston suka samar, kyauta ce. Haka InVesalius ta Barazil. Injinan CT akwai su a Kaduna da Zariya, a asibitocin gwamnati da cibiyoyi masu zaman kansu. Ƙaramar firintar 3D ta kan tebur kuɗinta bai kai na babur sabo ba a yawancin lokuta, robar da kwafin muƙamuƙi ɗaya zai ci kuwa ba ta da yawa. Da waɗannan, likita zai iya fitar da kwafi ya lanƙwasa ƙarfen da aka saba sayarwa a kansa da dare, gobe ya shiga aiki da ƙarfen da ya riga ya dace. Gari mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ba zai rasa matasan da za su iya zanen ba. Abin da ake buƙata shi ne asibiti ya ɗauki abin da muhimmanci, ya ware musu ɗaki da lantarkin da ba ya yankewa, don bugun kwafi ɗaya kan ci sa'o'i da yawa, in wuta ta ɗauke a tsakiya sai a faro daga farko.

Akwai tarko a nan. Robar da ƙananan firintoci suka fi amfani da ita, PLA, takan fara laushi tun a zafin wajen digiri 60, alhali tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ta asibiti tana kai digiri 121 zuwa 134. Kwafin da za a lanƙwasa ƙarfe a kansa a ofis ba shi da matsala, tunda ƙarfen za a dafa. Amma ma'aunin da zai shiga cikin rauni dole a yi shi da sinadarin da aka amince da shi, wanda zai jure dahuwa bai murɗe ba. Ma'aunin da ya murɗe ya fi babu illa, don likita zai yarda da shi.

Duk da haka, kada a ɗauka kwamfuta ce babban giɓinmu. Dashen ƙashi mai jijiya yana buƙatar madubin tiyata, likitoci rukuni biyu, jini a ajiye, sa'o'i masu yawa na lantarki, da ma'aikatan jinya da za su riƙa duba dashen kusan kowace sa'a a kwana biyu zuwa uku na farko, don in jijiya ta toshe a koma ɗakin tiyata nan take. Inda babu waɗannan, sai a koma ga ƙashin ƙugu ko haƙarƙari wanda ba jijiya, shi kuma ya fi kamawa a giɓin da bai wuce santimita biyar zuwa shida ba. Ka ga ke nan da a ce saurayin Rigasa ya zo a shekarar farko, da aikinsa ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Karayar fuska ma cikin mako biyu zuwa uku take fara haɗewa a karkace. Wanda ya tsaya gida sai kumburi ya saɓe, sau da yawa sai an sake karya ƙashin kafin a gyara. Ga ƙarancin ƙwararru, waɗanda ake da su ma ƙasashen waje na ta janye su. Ga kuma aljihu: fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a Najeriya daga hannun jama'a kai tsaye yake fita, duk da dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 da KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna.

Abin da mai jinya ya kamata ya sani

Duk wanda aka yi wa hoton CT ya nemi a ba shi a faifai ko filasha, ba baƙar ledar da ake ɗagawa a haske kaɗai ba. Ainihin bayanan, waɗanda ake kira DICOM, suna cikin faifan ne. Da ledar ko da hoton da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp ba a iya gina komai. Mutane da yawa kan biya kuɗin hoto sau biyu saboda wannan.

In likita ya nuna maka siffa a allo, tambaye shi wane ɓangare ne ƙashi wane ne nama, me zai yi in ya buɗe ya tarar da abin da hoto bai nuna ba, kuma sau nawa za a shiga tiyata kafin a gama, don sake gina fuska ba kasafai ake kammala shi a zama ɗaya ba, haƙora ma nasu aikin daban ne. Wanda ya ce tabbas haka za ka fito, ka nemi ra'ayin wani. Kana da damar tabbatar da cewa yana da rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, kuma ya yi horon ƙwarewa a wannan fanni, ba kwas ɗin mako biyu ba. Hoton fuskarka da na jikinka sirrinka ne, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafe su, ba a sa su a talla sai da izininka. Mata musamman su tsaya su ji abin da takardar ta ƙunsa kafin su sa hannu. Mai shan sigari ko shisha kuma ya faɗa wa likita gaskiya, domin taba na tsuke ƙananan jijiyoyin da dashen ya dogara da su, ana so a daina aƙalla mako huɗu kafin aiki.

In an sa rana sannan aka ɗage, ko don yajin aiki, ko rashin jini, ko kuɗi bai cika ba, har watanni suka shige, a tambayi likita ko hoton da aka yi tsarin a kansa yana nan da amfani. In ƙarin ya ƙara girma, sai an sake ɗaukar hoto an sake tsari, kuma wannan kuɗin ma ya kamata iyali su sa shi cikin lissafi tun farko.